HARSHE DA RAMI: YADDA AKE HAƊA KUJERA BA DA ƘUSA BA

1. Wahalar kujera

Cikin kayan icce na ɗaki da na aji, babu mai shan wahala kamar kujera. Tebur yana tsaye wuri ɗaya. Akwati yana ajiye a lungu. Ita kuwa kujera kullum ana jan ta, ana ɗaga ta, ana zama bisanta. Wani ma ya jingina da baya, ya ɗaga ƙafafun gaba, nauyinsa duka ya koma bisa ƙafafu biyu. Duk da haka, da wuya ƙafar kujera ta karye a tsakiya. Inda take fara lalacewa shi ne mahaɗi, watau wurin da icce biyu suka gamu.

Kafinta mai gaggawa yakan haɗa kujera da ƙusa. Da farko ƙusa tana riƙewa. Amma duk lokacin da aka zauna sai ta motsa kaɗan, ramin da ta shiga ya ƙara faɗi. Bayan ƴan watanni kujera ta fara rawa tana kuka. A ƙara wata ƙusa, icce ya tsage. Kan ƙusa ya fito, ya yage riga ko ya ji ma yaro ciwo. Ƙarshenta kujera ta koma makamashi, kuɗi sun tafi, icce ya tafi.

Masassaƙan ƙasar Hausa sun kauce ma wannan matsala ta wata hanya. Daga gungume ɗaya suke sassaƙa kujera ƴar tsugunne, kamar yadda suke sassaƙa turmi da akushi. Tun da ba ta da mahaɗi, babu abin da zai kwance. Sai dai wannan aiki yana son babban gungume, kuma rabinsa ko fiye yana zubewa ƙasa.

Akwai hanya ta uku. Ana iya haɗa ƙananan sanduna su zama kujera mai ƙarfi, mara nauyi, ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Wannan dabara ita ce harshe da rami.

2. Mene ne harshe da rami?

Ana huda rami a jikin icce ɗaya. Ana fere bakin ɗaya iccen daidai da faɗin ramin, a cusa shi ciki. Bakin nan da aka fere shi ne harshe. Da faransanci ana ce ma harshen tenon, ramin kuwa mortaise. Wanda ya taɓa duba gatari ya san irin wannan haɗi: tsinin ruwan gatari yana shiga ramin ƙota, kuma sara yana ƙara shigar da shi.

Harshe iri biyu ne. Akwai mai kusurwa huɗu, wanda ake yi ma ƙofa da taga da tebur. Shi yana bukatar zarto da kurfi da awo mai yawa. Akwai kuma mulmulalle, mai siffar sanda. Shi ne na kujera, don ƙafafunta da sandunanta da ma mulmulallu ne, kuma barima tana huda raminsa cikin ɗan lokaci.

Mulmulallen harshe kansa kashi uku ne:

Na farko shi ne miƙaƙƙe mai tsayawa ciki. Kaurinsa ɗaya ne daga gindi har baki, kuma ba ya ɓullowa ta ɗaya gefen. Shi ake yi ma sandunan gicciye, waɗanda suke haɗa ƙafa da ƙafa. Yawanci kaurinsa milimetir 16 ne, tsawonsa milimetir 25.

Na biyu shi ne mai ɓullowa. Yana ratsa katakon zama har ya fito ta bisa. Ana tsaga bakinsa da zarto, a buga masa ƙusar icce mai faɗi, mai siffar bakin gatari. Ƙusar ta buɗe bakin harshen, ya cika ramin, ba ya sake fitowa.

Na uku shi ne mai tsini kamar turke. Gindinsa ya fi bakinsa kauri, raminsa ma haka yake. Duk lokacin da aka zauna bisa kujera, nauyin mutum yana ƙara matse harshen cikin rami. Masu yin kujeru a Amurka sun fi amfani da irin wannan wajen haɗa ƙafa da katakon zama.

3. Garin kujeru

A ƙasar Ingila akwai wani gari mai suna Hai Wikam, kamar kilometir 50 yamma da birnin Landan. Garin yana tsakanin tuddan Ciltan, inda akwai dazuzzukan wani icce da ake kira bic. Iccen bic yana tsagewa da sauƙi in yana ɗanye, yana kuma da daɗin ferewa. Saboda wannan icce ne garin ya yi suna wajen yin kujeru.

Kujerar da ta fi shahara can ita ce ake kira kujerar Winza. An fara yin irinta cikin shekarun 1700. Tana da katakon zama mai kauri. Ƙafafu huɗu suna shiga katakon ta ƙasa, sandunan jingina suna shiga ta bisa. Duk mahaɗanta mulmulallen harshe ne. Icce uku ake haɗawa: bic don ƙafafu, elm don katakon zama domin ba ya tsagewa ko an huda shi wuri da yawa, sai ash don bakan jingina domin yana tanƙwaruwa in an turara shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mutum ɗaya ke yin kujerar ba. An raba aikin. Masu yin ƙafafu, waɗanda ake kira boja, cikin daji suke aiki. Sukan sayi itatuwa a tsaye, su kafa bukka kusa da su. Su sare icce, su yanka shi guntu-guntu daidai da tsawon ƙafa, su faskara, su fere, su mulmula. Sai su jera ƙafafun a waje iska ta busar da su. Daga nan a kai su gari, a sayar da su ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri ƙafafu 144. A gari wani ya ɗauki gizago ya rarake katakon zama don ya yi daɗin zama, kamar yadda masassaƙi yake rarake akushi. Wani kuma aikinsa huda ramu da haɗawa kawai. Shi yakan ɗaura wani ɗan katako a ƙirji, ya tokare barima da shi, ya danna da nauyin jikinsa.

An ƙiyasta cewa wajen shekarar 1875 ana yin kujeru 4700 kowace rana a wannan gari. A shekarar 1877 Sarauniya Biktoriya ta ratsa garin. Mutane suka gina mata babbar ƙofa a kan hanya, duka da kujeru, ta wuce ta ƙarƙashinta. Daga baya injuna suka karɓe aikin. Masu aikin daji na ƙarshe sun daina wajen ƙarshen shekarun 1950. Amma sana'ar ba ta ɓace ba. A shekarar 1978 littafin Alekzanda, na garin Baltimo a Amurka, ya fito, ya koya ma mutane da yawa yadda ake yin kujera daga ɗanyen icce da kayan hannu. Har yanzu akwai masu yin ta a Ingila da Amurka da Faransa, kuma a gidan tarihin Hai Wikam ana nuna tsofaffin kujeru da kayan aikinsu.

4. Kayan aiki

Duk kayan da ake bukata na hannu ne. Babu mai son wutar lantarki ko man fetur.

Zarto. Da shi ake yanke icce daidai da tsawon da ake so.

Gatari da guduma. Da su ake faskara gungume. Ana ɗora bakin gatari a tsakiyar gungumen, a buga da gudumar icce, ya rabu biyu, biyun su rabu huɗu. Faskare ya fi yankan zarto a nan, don tsaga tana bin jijiyar icce. Sandar da jijiyarta ta miƙe daga wannan baki zuwa wancan ba ta karyewa da sauƙi, ko siririya ce.

Dokin fira. Benci ne mai tsawo wanda mai aiki yake hawa kamar doki. Yana da wani katako da ake tokarewa da ƙafa. In an tokare, bakinsa ya danne sandar da ake ferewa. Ta haka hannu biyu suna sake, suna riƙe da wuƙa.

Wuƙa mai ƙota biyu. Ruwanta yana tsakiya, ƙota ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Mai aiki yana jawo ta wajen kansa. Tana cire icce da yawa cikin sauri. Da ita ake mai da sanda mai kusurwa huɗu ta zama mai takwas, mai takwas ta zama mulmulalla.

Makankari. Shi ma hannu biyu ake riƙe shi, amma ƙarami ne, kuma bakin ƙarfensa kaɗan ne ya leƙo. Ba ya cin icce da yawa. Da shi ake gyara abin da wuƙa ta bari.

Barima mai gwiwa. Ƙarfe ne lanƙwasasshe wanda ake juyawa da hannu ɗaya, ɗayan yana danne da kansa. Ana sauya mata baki: akwai mai murɗi, akwai mai kama da cokali. Kowane baki da faɗinsa. Faɗin bakin barima shi ne faɗin rami, shi ne kuma ya kamata ya zama kaurin harshe.

Keken mulmula. Wannan shi ne babban kayan aikin boja. Ana maƙale sanda tsakanin tsini biyu na ƙarfe. A bisa akwai doguwar gora mai lanƙwasa. Igiya ta sauko daga bakin gorar, ta naɗe sandar, ta kai ga matakin ƙafa, irin na masaƙi. In an taka, sanda ta juya wajen mai aiki, sai ya sa kurfi ya kankare. In an ɗaga ƙafa, gora ta miƙe, ta ja igiya, sanda ta juya baya, sai ya ɗan janye kurfin. Harshen da aka mulmula da wannan keke yana fita daidai ta kowane gefe.

Mayankin harshe. Wannan ya yi kama da abin feƙe fensir, sai dai babba ne. Wani na katako ne mai rami da wuƙa a gefe, ana juya shi da hannu. Wani na ƙarfe ne, ana ɗaura shi ga barima. Ana fara feƙe bakin sanda kaɗan don ta shiga, sannan a juya. Mayankin ya cinye iccen waje, ya bar harshe a tsakiya da kafaɗa kewaye da shi. Masu yin ƙafar amalanke ta icce sun yi amfani da shi sosai cikin shekarun 1800.

Mabuɗin rami. Ƙarfe ne ko katako mai tsini, da kaifi a gefe. Ana sa shi cikin rami a juya, ya mai da miƙaƙƙen rami ya zama mai tsini. Sai mai yin harshe na uku ke bukatarsa.

Ma'auni. Guntun icce ne busasshe mai tauri, wanda aka huda da bakin barimar da za a yi aiki da ita. Kowane harshe sai an gwada shi cikin wannan rami. Ma'auni ba ya cin ko dala, amma in babu shi aiki ba ya kyau.

Ba dole ne a sami waɗannan kaya duka ba. Da zarto, da barima, da wuƙa mai kaifi, da ma'auni, ana yin harshe mai kyau. Sauran suna rage lokaci ne.

5. Icce yana shan ruwa

Ga asirin sana'ar. Ɗanyen icce cike yake da ruwa. A wasu itatuwa rabin nauyinsu ruwa ne. In icce yana bushewa yana tsukewa. In ya sha danshi yana kumbura. Ko bayan shekaru da yawa bai daina ba. Shi ya sa ƙofar katako take cijewa da damina, ta sake da rani. Shi ya sa kuma manomi yake tsoma gatari cikin ruwa in ƙota ta saki.

Icce ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta kauri yake raguwa. A bakin gungumen da aka yanke ana ganin zobba, wani cikin wani. Ta gefen da ya bi zobban, raguwar ta kai kusan ninki biyu na ta gefen da ya nufi zuciyar icce. Saboda haka sandar da aka mulmula tana ɗanya, in ta bushe sai bakinta ya koma kamar ƙwai.

To, in aka sa ɗanyen harshe cikin busasshen rami, me zai faru? Harshen zai bushe ya tsuke. Harshe mai milimetir 16 yana iya rage milimetir ɗaya. Milimetir ɗaya ƙaramin abu ne a ido, amma ya isa ya sa kujera rawa.

Gwanaye suka juya al'amarin. Suna busar da harshe ƙayau, fiye da sauran iccen. Wasu su jera sanduna kusa da murhu kwana da kwanaki, wasu su tsoma bakinsu cikin yashi mai zafi. Ƙafar da za a huda kuwa ana barinta da sauran danshi kaɗan. Bayan an haɗa, abu biyu ke faruwa. Harshe ya ja danshi daga ƙafa ya kumbura. Ƙafa ta ci gaba da bushewa, raminta ya tsuke ta gefe. Ɗaya yana buɗewa, ɗaya yana rufewa, sai su cije juna. Akwai kujerun da aka haɗa ta haka, ba ƙusa ba danƙo, sun wuce shekara ɗari ana zama bisansu.

Amma a lura. Ba a huda ƙafa tana ɗanya shataf. In danshinta ya yi yawa, za ta matse harshe har ta tsage kanta.

6. Mataki-mataki

Ga yadda ake haɗa sandar gicciye da ƙafa:

Na ɗaya: a faskara icce, a fere sanduna, amma a bar su sun ɗan fi kaurin da ake so, don za su tsuke.

Na biyu: a busar da sandunan gicciye sosai. Don a san ko sun bushe, a riƙa auna nauyinsu. Ranar da nauyi ya daina raguwa, ruwa ya fita. Busassun sanduna in an buga su da juna ƙararsu tana fita tar, ta ɗanyu kuwa dum.

Na uku: a auna milimetir 25 daga bakin sanda, a ja layi kewaye da ita. Nan ne iyakar harshe.

Na huɗu: a fere harshen kaɗan-kaɗan, ana juya sanda. A shafa gawayi cikin ramin ma'auni, a murɗa harshen ciki, a zaro. Inda ya yi baƙi, nan ne tudu. A kankare baƙin kawai, a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa. Iccen da aka cire ba ya komawa.

Na biyar: a ɗan dakushe gefen bakin harshe don kada ya yage bakin rami wurin shiga.

Na shida: a sa alama a jikin ƙafa, a huda. A ɗaura zare ko ƙyalle a bakin barima, daidai da zurfin da ake so. In zaren ya taɓa icce sai a tsaya. Ramin ya ɗan fi harshe zurfi, da milimetir ɗaya ko biyu. Yana da kyau mutum biyu su yi wannan aiki: ɗaya yana juya barima, ɗaya yana tsaye gefe yana duba ko ta karkace.

Na bakwai: a ɗan kankare gefen dama da na hagu na harshen. Sama da ƙasa kuwa a bar su da cikarsu. Dalili shi ne, matsi ta sama da ƙasa yana tura ƙafa ta tsawonta, inda take da ƙarfi. Matsi ta gefe kuwa yana buɗe jijiyarta, kamar yadda gatari yake yi.

Na takwas: a buga da gudumar icce, ba ta ƙarfe ba. Mai bugu ya saurara. In harshe ya kai gindin rami, ƙarar bugu tana sauyawa. Daga nan sai a tsaya.

Harshen kirki ba ya shiga da turin hannu, sai da guduma. In ya shiga da hannu, ya yi ƙanƙanta. In guduma ta kasa shigar da shi, ya yi kauri, a zaro a rage.

Harshe mai ɓullowa yana da tasa doka. Dole tsagar bakinsa ta gitta jijiyar katakon zama. In tsagar ta bi jijiyar, ƙusar icce za ta faskara katakon gida biyu, aikin kwana da kwanaki ya lalace da bugu ɗaya.

7. Hattara

Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, don dakusasshiya sai an danna ta da ƙarfi, kuma nan ne take zamewa. Ba a sa hannu gaban bakin wuƙa ko na kurfi. Ba a riƙe icce bisa cinya ana hudawa. Ba a miƙa ma wani kayan aiki ta wajen kaifi. In an gama aiki a goge ƙarfe, a shafa masa ɗan mai don tsatsa, a mai da kowane wurinsa. Ƙananan yara ba su taɓa waɗannan kaya sai gaban malam ko gaban mai sana'a.

8. Icce a ƙasar Nijar

A Nijar bambancin damina da rani babba ne. Cikin watan Agusta iska cike take da danshi. Daga hunturu zuwa bazara kuwa ta bushe ƙwarai. Kujerar da aka daidaita harsunanta da damina, ba a busar da su ba, za ta saki in hunturu ya busa. Wadda aka daidaita da rani kuwa, damina ƙara matse ta za ta yi. Kafinta mai lura yana sanin wannan.

Icce kuma yana da daraja a Nijar. Dokar daji ta kare gawo da wasu itatuwa, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Amfanin harshe da rami a nan shi ne, ba sai an kayar da babban icce ba. Reshe mai kaurin dantse ya isa ƙafa, wanda bai kai shi ba ya isa sandar gicciye. A fadamar Majiya, cikin jihar Tawa, tun shekarar 1975 aka fara dasa layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko maina, don kare gonaki daga iska. In an sassabe kansa yana sake tohowa, ana samun sanduna. A jihar Maraɗi kuma, tun shekarun 1980 manoma suke barin tohon kututture cikin gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi su rena, su rage sauran. Irin waɗannan rassa suna iya zama kujera.

Kujerar da ta lalace cikin shekara biyu, sai an sake saran icce don a maye ta. Wadda ta yi shekara arba'in ta hutar da daji sau goma sha tara.

ABIN TUNAWA

Ƙarfin kujera yana ga mahaɗanta.
Bakin barima shi ke ba da kaurin harshe.
Busasshen harshe, rami mai ɗan danshi.
Ƙusar icce tana gitta jijiyar katako, ba ta bin ta.

MA'ANAR KALMOMI

Mahaɗi: wurin da icce biyu suka gamu.
Harshe: bakin icce da aka fere don ya shiga rami.
Kafaɗa: tudun da ke gindin harshe, inda kauri ya sauya.
Sandar gicciye: sandar da ta haɗa ƙafar kujera da wata ƙafar.
Jijiyar icce: zaren da ya bi tsawon icce, wanda tsaga take bi.
Faskare: tsaga icce ta tsawonsa.
Ma'auni: abin da ake gwada girman wani abu da shi.

TAMBAYOYI

1. A ina kujera take fara lalacewa? Don me?
2. Mene ne bambancin kujera ƴar tsugunne da kujerar Winza?
3. Ku faɗi kashi uku na mulmulallen harshe.
4. Me ya sa garin Hai Wikam ya yi suna wajen yin kujeru?
5. Wane aiki boja suke yi, a ina kuma suke yin sa?
6. Don me faskararren icce ya fi yankan zarto ƙarfi?
7. Me zai faru in aka sa ɗanyen harshe cikin busasshen rami?
8. Yaya gawayi yake taimakon mai fere harshe?
9. A wane lokaci na shekara ya fi kyau a daidaita harshe a Nijar? Ku kawo dalili.

LISSAFI

1. Kujera ɗaya tana da sandunan gicciye 12. Kowace sanda tana da harshe biyu. Harshe nawa za a fere don kujeru 15?
2. Ɗauri ɗaya ƙafafu 144 ne. Kujeru nawa zai isa?
3. In ana yin kujeru 4700 kowace rana, nawa za a yi cikin kwana 6?
4. Kaurin wata ƙafa milimetir 40 ne. An huda rami mai zurfin milimetir 26. Milimetir nawa suka rage kafin barima ta ɓulla?

AIKIN YI

1. Ku duba bencina da kujerun ajinku. Ku ƙidaya masu rawa. Ku nemo mahaɗin da ya saki, ku faɗi da me aka haɗa shi.
2. Ku samo guntun ɗanyen reshe. Ku ɗora bakinsa bisa takarda, ku zana kewayensa, ku auna nauyinsa. Ku ajiye shi a inuwa. Kowane mako ku sake zanawa, ku sake aunawa, har mako huɗu. Ku rubuta abin da kuka gani.
3. Ku ziyarci kafinta ko masassaƙin garinku tare da malam. Ku tambaye shi sunayen kayan aikinsa da irin iccen da ya fi so. Ku zana uku daga cikin kayan, ku rubuta sunan kowane ƙarƙashinsa.